Kiɗan indie folk da masu yi masa sharhi

Wane irin kiɗa ne wannan?

Kalmar "indie" na nufin mawaƙin da ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin waƙa. "Folk" kuwa waƙar gargajiya ce irin ta Amurka da Birtaniya. Idan aka haɗa su sai a sami waƙa mai sanyi, da jita mara lantarki, wani lokaci da banjo (wani kayan kiɗa mai tsirkiya), muryoyi biyu ko uku suna tafiya tare. Ya yi tashe a Amurka bayan shekarar 2000.

Me ya sa masu sharhi suka zama da muhimmanci a kansa?

Saboda manyan gidajen rediyo ba su cika saka irin waɗannan waƙoƙi ba, kuɗin talla kuma babu. Abin da ya rage shi ne alƙalamin mai sharhi. A nan mujallar Pitchfork ta yi fice. Ryan Schreiber ne ya kafa ta a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ta koma Chicago. Takan ba kowane kundin waƙa maki daga 0.0 zuwa 10.0, kuma maki mai kyau kan fito da mawaƙin da ko a garinsu ba a san shi ba. A 2008 kundin ƙungiyar Fleet Foxes ta birnin Seattle Pitchfork ta zaɓa a matsayin gwarzon shekara.

Akwai wanda sharhi ya ɗaga haka?

Akwai Justin Vernon, mai amfani da sunan Bon Iver. A hunturun 2006 ya keɓe kansa a wata bukkar farauta ta mahaifinsa a jihar Wisconsin, ya naɗi waƙoƙinsa shi kaɗai, ya fitar da kundin da kansa a 2007. Yabon masu sharhi ya ja hankalin kamfanin Jagjaguwar, wanda ya sake fitar da shi a 2008. A 2012 ya ci kyautar Grammy.

Sai dai ni a ganina, labarin bukkar nan ya cinye rabin sharhin da aka yi masa. Da yawa sun fi zancen dusar ƙanƙara da kaɗaici a kan zancen muryarsa, wadda ya riƙa naɗa sau da yawa yana ɗora wata kan wata har ta zama kamar ta taron mawaƙa.

Har yanzu Pitchfork cin gashin kanta take yi?

A'a. Kamfanin Condé Nast ya saye ta a 2015, a watan Janairun 2024 kuma aka mayar da ita ƙarƙashin mujallar GQ, aka sallami ma'aikata da dama.