Wando Mai Aljihu a Cinya: Wanne Ne Zai Jure Hawan Dutse da Zirga-zirgar Gari?

Me ya sa ake yi wa wannan wando manyan aljihuna a cinya?

Asalinsa kayan soja ne. A 1938 sojojin Birtaniya suka fara sa wando mai babban aljihu a cinyar hagu don ajiye taswira. A yaƙin duniya na biyu kuma sojojin laima na Amurka suka samu nasu mai aljihu a kowace cinya, saboda su diro da harsashi da guzuri a jikinsu. Daga baya 'yan gayu suka karɓe shi, kuma tun daga nan kasuwa ta cika da masu kama da na asali a ido amma ba su da ƙwarinsa.

Wane yadi ya fi ƙarko?

A nan ya kamata mai saye ya fi ɓata lokaci. Zallar auduga mai kauri tana da daɗin sawa, tana jure gogayya da dutse, kuma tartsatsin wuta ba ya narkar da ita. Matsalarta ruwa. Idan ta sha gumi ko ruwan sama sai ta yi nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba, ta riƙa goge cinya har fata ta saɓule. Wanda ruwa ya dake shi a tsaunin Mambila ko a dajin Gashaka-Gumti, inda dare ke da sanyi sosai, jiƙaƙƙen wandon auduga zai iya jefa shi cikin wahala ta gaske.

Zallar nailan kuma ba ta da nauyi kuma tana saurin bushewa, sai dai a zafin bazara wata irinta tana riƙe gumi, tana kuma yin ƙara idan ana tafiya. Ga mai son wando ɗaya da zai hau dutsen Kufena na Zariya ranar Asabar ya kuma shiga kasuwa da shi ranar Litinin, ni na fi ganin gaurayen yadi: ko auduga da nailan rabi da rabi, irin wanda sojojin Amurka suka daɗe suna amfani da shi, ko polista kashi 65 da auduga kashi 35. Idan an ɗan surka zaren roba kamar kashi 2 ko 3, zai ba ƙafa damar miƙewa. Wanda robarsa ta yi yawa shi ne gwiwarsa ke saurin yin buhu.

Duba 'yar takardar da ke ɗinke a cikin ƙugu, a nan ake rubuta kason kowane zare.

Na ga wani yadi mai ƙananan gidaje kamar dara. Ado ne?

A'a, saƙa ce ta musamman. Ana ratsa zare mai kauri a tsaye da kwance bayan kowace 'yar tazara, ta yadda idan ƙaya ta huda yadin, yagewar za ta tsaya a gida ɗaya. Da irin wannan saƙa ake yin laimar sauka daga jirgi. A dajinmu mai sarƙaƙiya da farar ƙaya tana da amfani ƙwarai. Yadi mai santsi da matsattsiyar saƙa kuma ƙarangiya ba ta cika maƙale masa ba kamar yadda take yi wa mai gashi-gashi.

Yaya zan gane ɗinki mai kyau?

Juya wandon bai-bai tun a gaban mai shago. Ɗinkin gefe da na tsakanin ƙafafu ya zama layi biyu ko uku. Bakin kowane aljihu da gindin madaurin bel su kasance da ɗan gajeren ɗinki mai kauri da aka maimaita, domin daga nan yagewa ke farawa. Kama yadin ta ɓangarorin ɗinki biyu ka ja. Idan ka hango haske tsakanin zaren, ajiye shi.

Sai hantsa. Yawancin wanduna a tsakanin ƙafafu suke fara fashewa, inda ɗinki huɗu suka haɗu wuri guda. Wando mai kyau ana sa masa ƙyalle na daban a wurin don ya raba nauyin. Telolinmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa wandon gargajiya mai hantsa ake hawa doki da shi ba ya yagewa. A duba kuma ko an ninka yadi a gwiwa da mazaunai. Zik kuwa, idan ka ga YKK a jikinsa, na kamfanin Japan ne da aka san shi da inganci, ko da yake akwai jabu.

Yawan aljihu alama ce ta inganci?

Ko kusa. Aljihu shida sun isa: biyu a gaba, biyu a baya, biyu a cinya. Abin lura shi ne inda aka ɗora na cinyar. Idan ya sauka kusa da gwiwa, waya za ta riƙa dukan ƙafarka a kowane taku. Murfi mai maɓalli ko zik ya fi mai mannewa, domin mai mannewa yana tara ƙura da ciyawa har ya daina kamawa. Kaya masu nauyi kuma wurinsu jaka.

Wane gwaji zan yi kafin in biya?

Sa shi ka tsuguna kamar mai alwala, ka ɗaga ƙafa ɗaya kan benci, sannan ka sunkuya kamar mai ruku'u. Idan ƙugun ya zame ta baya ko hantsar ta ɗaure ka, ba naka ba ne, domin irin haka zai yi maka a sallah da kan babur. Tsawonsa kada ya ja ƙasa. Mai igiyar tsuke ƙafa yana rage shigar kaska a ciyawar damina.

Sabo, gwanjo, ko in kai wa tela?

Gwanjo mai kyau, irin wanda ake tsinta a Ƙofar Wambai a Kano, sau da yawa ya fi sabo mai araha. Ɗaga shi a rana ka duba mazaunai da tsakanin cinyoyi. Inda ya yi shara-shara ya kusa mutuwa. Tela ma zai iya, muddin kekensa na ɗaukar yadi mai kauri kuma ka faɗa masa ya sa hantsa ya ninka gwiwa.

Launi fa?

Ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi ɓoye ƙurar hunturu, baƙi kuwa yana jan zafi yana kuma saurin koɗewa. Mai dabbare-dabbare irin na kakin soja a bar shi gaba ɗaya: a Najeriya an hana farar hula sa shi, kuma yana iya jawo matsala a shingen bincike.

Yaya zan wanke shi ya daɗe?

A juya shi, a rufe zik, a wanke da ruwan sanyi ba tare da bilic ba, a shanya a inuwa. Idan akwai nailan ko roba a yadin, kada dutsen guga ya yi zafi sosai, musamman na gawayi, don nan take yake ƙone shi. Ƙaramar huda kuma a kai wa tela tun ba ta faɗaɗa ba.