Komik na 'yan tatsuniya a duniyar zamani

Wani reshe ne na littattafan komik, wato labaran da ake bayarwa da zane, inda marubuci zai ɗauko mutanen tsoffin tatsuniyoyi irin su Snow White da Cinderella da ƙaton kerkecin nan mai cinye mutane, ya cire su daga daji da fadar sarki ya jefa su cikin birni na yau, suna biyan haya, suna hawa tasi, aure na mutuwa ana rigima. Yawanci na manya ne, don akwai kisa da siyasa da yaƙi a ciki, kar mutum ya ga sunan Cinderella a bango ya saya wa yaro.

Tushen yawancinsu tatsuniyoyin Turai ne, na Charles Perrault da ya buga a Faransa a 1697, da na 'yan uwan nan biyu Grimm da suka fara fitowa a Jamus a 1812, sai Pinocchio na Carlo Collodi a Italiya a 1883. Duk waɗannan sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kowa zai iya ɗauka ya juya yadda ya ga dama ba sai ya biya kowa ba, kuma mai karatu ya riga ya san su tun yana yaro, marubuci ba sai ya tsaya dogon bayanin waye wannan ba.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Fables na Bill Willingham, da sashen Vertigo na kamfanin DC a Amurka ya fara bugawa a 2002, ya yi fitowa 150 kafin ya tsaya a 2015, Mark Buckingham ne ya zana mafi yawa, James Jean kuma ya yi suna da zanen bangunan shekarun farko. Labarin dai wani azzalumi ne ya cinye ƙasashensu da yaƙi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka tsira suka gudo duniyarmu suka kafa wata ɓoyayyiyar unguwa a New York mai suna Fabletown. Waɗanda ba su da siffar mutane kuma ba su da kuɗin sayen sihirin da zai rufe kamanninsu, su aladu uku ɗin nan da sauran dabbobi masu magana, sai aka tura su wata gona can bayan gari aka hana su fita, kuma tun a farkon littafin gonar ta yi bore, don ai kurkuku ce ko da an kira ta gona.

A nan ne aikin ya yi kyau sosai. Duk wanda ya shiga unguwar an yafe masa laifin da ya yi a can baya, shi ya sa kerkecin da ya addabi kowa ya dawo Bigby, shugaban tsaro mai siffar mutum da taba ba ta barin bakinsa, kuma dole mutanen da ya taɓa farauta su kawo masa ƙara. Snow White mataimakiyar magajin gari ce amma a zahiri ita ke juya komai. Yariman nan kuwa da ke zuwa ƙarshen kowace tatsuniya ya auri yarinyar, Willingham ya ce ai mutum ɗaya ne, ya auri Snow White da Briar Rose (wato Sleeping Beauty, gimbiyar da allura ta sa ta dogon barci) da Cinderella bi da bi, duk auren ya mutu saboda halinsa. Cinderella tana da shagon takalma amma 'yar leƙen asiri ce. Briar Rose kuma har yanzu in allura ta soke ta barci zai kwashe ta tare da duk wanda ke cikin ginin, har an taɓa amfani da hakan da gangan aka kwantar da bene guda. Akwai kuma wata ƙa'ida mai daɗi, gwargwadon yadda mutane suka san tatsuniyarka gwargwadon wuyar kashe ka, shi ya sa da Goldilocks, yarinyar wata tatsuniyar, ta harbi Snow White a ka, Snow White ɗin ta rayu.

Azzalumin da ya kore su daga baya aka gano Geppetto ne, tsohon da ya sassaƙa Pinocchio, yana sassaƙa sojojin katako. Willingham ya taɓa faɗin cewa Peter Pan ya so ya sa tun farko, amma a lokacin haƙƙin mallakarsa bai faɗi a Birtaniya ba, sai ya canza, kuma gaskiya Geppetto ɗin ya fi dacewa, tsoho mai fara'a da ba wanda zai zarga.

Abin da ya riƙe Fables har tsawon waɗannan shekaru shi ne labarin gudun hijira ne na gaske, mutanen da suka rasa gida, sarakunan da suka talauce, ana ta rigima kan a koma a ƙwato ƙasa ko a haƙura a zauna. Ya samu kyaututtukan Eisner, wato manyan kyaututtukan komik na Amurka, da dama, ya haifi wasu jerin kamar Jack of Fables a 2006 da Fairest a 2012, kamfanin Telltale kuma ya yi gem ɗin The Wolf Among Us a 2013 da Bigby a matsayin jarumi.

Akwai kuma Grimm Fairy Tales na kamfanin Zenescope da ya fara a 2005, shi ya fi karkata ga ban tsoro, wata malama Sela Mathers ce ke nuna wa mutanen yau tatsuniya mai kama da halin da suke ciki don su shiga taitayinsu. Yana da masoya sosai amma ana yawan sukar bangunansa saboda yadda ake zana mata kusan tsirara, kuma sukar tana kan hanya, don sau da yawa bangon ba shi da alaƙa da labarin ciki. A talabijin ma Once Upon a Time da Grimm duk sun fara a 2011, masu karatu da yawa suka ga kamanni da Fables duk da ba daga shi aka ɗauko su ba.

Fables ya dawo a 2022 ƙarƙashin DC Black Label, wani sashen kamfanin DC, daga fitowa ta 151. A Satumban 2023 Willingham, bayan saɓani da DC kan yarjejeniyarsu, ya sanar cewa ya saki Fables ya zama mallakar kowa kamar tatsuniyoyin da ya ɗauko, DC kuma ta fito ta ce sam, haƙƙin yana hannunta kuma za ta kare shi.