Gurɓatar ruwa da iska a Bauchi da Gombe

Gurɓatar ruwa da iska a jihohin Bauchi da Gombe reshe ne na matsalar da ta game Najeriya baki ɗaya, sai dai kamanninta a nan ya sha bamban da na Legas ko Neja Delta. Manyan masana'antu ba su da yawa a jihohin biyu. Abin da ya fi ɓata ruwan sha shi ne najasar ɗan Adam da ke kwarara daga masai da kwatami zuwa rijiyoyi da rafuka, abin da ya fi ɓata iska kuma shi ne ƙurar hunturu da hayaƙin itace da gawayi. Dokokin muhalli na ƙasa, waɗanda akasarinsu dattin masana'antu da malalar mai suka haifar, ba su cika isa ga waɗannan tushen ba.

Tarihin dokokin tsafta

A zamanin Turawa, kula da tsaftar gari aikin En'e ne, kuma mutumin da talakawa suka fi sani a wannan fanni shi ne duba-gari. Yana shiga gidaje ya leƙa randa da rijiya da masai, in ya ga tsutsar sauro ko ƙazanta ya kai maigida gaban alƙali. Tsofaffi a Bauchi da Azare da Gombe har yanzu suna ba da labarin yadda ake share tsakar gida a wanke randuna da zarar an ji ya shigo unguwa. Wannan aiki ya yi rauni bayan sauye-sauyen ƙananan hukumomi na 1976. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta dawo da tilasta tsafta ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a da ta fara a 1984, daga nan ne kuma al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali.

Dokar muhalli ta zamani ta biyo bayan abin da ya faru a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin jihar Delta. A 1988 aka gano cewa an jibge dubban gangunan datti mai guba daga Italiya a wani fili a garin, nauyinsu ya haura tan 3,500. Gwamnatin Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta kwashe gangunan, sannan a shekarar ta kafa dokar hana shigo da datti mai guba da kuma hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna tasirin kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 aka narkar da FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2006 aka kafa NOSDRA domin malalar mai, a 2007 kuma NESREA domin tilasta bin ƙa'idoji. Jihohi sun kafa nasu hukumomin: BASEPA a Bauchi, GOSEPA a Gombe. Mafi yawan aikin da ake ganin waɗannan biyu suna yi shi ne kwashe shara da yashe magudanai.

Manyan labaran gurɓata da suka girgiza ƙasa duk a wasu wurare suka auku. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. A 2011 rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya samu sinadarin benzin a wasu rijiyoyi da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. A Kano an daɗe ana kuka da ruwan majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai.

Hanyoyin samun ruwa

Birnin Bauchi ya dogara ne da madatsar Gubi, wadda aka fara aikinta a wajajen ƙarshen shekarun 1970, da kuma rijiyoyin burtsatse. Bauchi na cikin jihohi uku, tare da Ekiti da Ribas, da suka shiga kashi na uku na shirin Bankin Duniya na gyaran ruwan birane, inda aka faɗaɗa matatar Gubi aka sauya tsofaffin bututu. Garin Gombe kuwa yana shan ruwan madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, mai nisan kimanin kilomita 37 gabas da gari. An kammala madatsar a wajajen 1984, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.8, amma sai a tsakiyar shekarun 2000, zamanin Gwamna Danjuma Goje, aka jawo ruwanta zuwa cikin gari.

Ruwan da ya bar matata an tace shi da alam an zuba masa kulorin. Matsalar tana faruwa a hanya. Saboda ba kullum ake sakin ruwa ba, bututu kan zauna babu komai a ciki, kuma inda ya fashe a cikin lambatu sai ya zuƙo ruwan kwata. Unguwannin da famfo bai kai ba suna saye a hannun 'yan garuwa masu tura kura, ko su sha fiya wata, wanda tsaftarsa ta danganta ga mai yin sa.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hannu. A Akko da Kwami da Dukku, har zuwa sassan Darazo da Alkaleri, ƙasar tana kan shimfiɗar dutsen yashi da masana ke kira Kerri-Kerri, inda ruwa ya yi nisa ƙwarai, sai an yi haƙa mai zurfi da tsada kafin a same shi. Ƙauyuka da dama a wannan yanki sun dogara da tafkuna da kududdufai da suke sha tare da dabbobi idan rani ya yi nisa. A Kaltungo da kewayenta kuma ruwan ƙasa yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, wanda ke fitowa daga duwatsun wurin, shi ne ke rina haƙoran yara su yi ja ko ruwan ƙasa.

Najasa da inda take zuwa

A duk faɗin Najeriya, Abuja ce kaɗai ke da cikakken tsarin bututun najasa da ya ratsa babban ɓangaren gari, wanda ke kai wa matatar Wupa da aka buɗe a wajajen 2007. Legas tana da ƙananan matatu a wasu rukunonin gidaje. Bauchi da Gombe ba su da irin wannan tsari, duk da cewa sunan hukumar ruwan biranen Bauchi ya haɗa har da najasa. Gidan mai hali yana da sokawe, sauran gidaje suna da shadda, ruwan wanka da wanke-wanke kuma rariya ke fitar da shi zuwa lungu.

A tsofaffin unguwanni, irin su Jahun a Bauchi ko Jekadafari da Bolari a Gombe, filaye sun tsuke saboda rabon gado, har ta kai masai da rijiya ba su wuce 'yan taku tsakaninsu ba, wani lokaci masan maƙwabci ne ke jingine da rijiyar gida. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 15, wasu ma su ce 30. Da damina ruwan ƙasa kan taso ya haɗe ramukan biyu. Idan masai ya cika, ana kiran motar zuƙa ko masu kwasa da hannu, waɗanda kan yi aikin da dare da bokiti da shebur ba tare da kayan kariya ba. Abin da aka kwashe yakan ƙare a bayan gari, ko a cikin kwari, ko a gonaki inda manoma ke karɓarsa a matsayin taki. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi rauni a dukkan tsarin, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Garin Gombe yana zaune ne a cikin kwari tun da aka mayar da hedikwatar masarautar Gombe zuwa Doma, wato inda garin yake yanzu, a 1919, kuma zaizayar ƙasa ta tsaga shi da manyan kwazazzabai. Mazauna gefensu suna zuba shara da najasa a ciki, ruwan sama ya kwashe zuwa unguwannin gangare.

Binciken ƙasa na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 48 ke bahaya a fili. Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta a Nuwamban 2018, bayan shekara guda ta ƙaddamar da gangamin amfani da banɗaki da burin kawo ƙarshen al'adar a 2025, wa'adin da daga baya aka ɗaga zuwa 2030. Dass da Warji a jihar Bauchi suna cikin ƙananan hukumomin farko a ƙasar da aka tabbatar sun daina. Jigawa ce jiha ta farko da ta samu wannan shaida, a 2022.

Cututtuka

Kwalara, wadda aka fi kira amai da gudawa, ta shigo Najeriya a farkon shekarun 1970, kuma ta yi mummunar ɓarna a 1991 da 2010. A 2021 an samu fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu a ƙasar, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi ce jihar da ta fi kowace yawan masu cutar. Tsargiya ta zama ruwan dare a ƙauyukan bakin madatsu da wuraren noman rani.

Kurkunu shi ne cutar ruwa da aka ci nasara a kanta. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a ƙasar. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da yawon wayar da kai da Janar Yakubu Gowon ya jagoranta tare da cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shaidar rabuwa da ita a 2013.

Ingancin iska

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta lulluɓe jihohin biyu da hazo. A wannan lokaci ne tari da asma da ciwon ido ke ƙaruwa, jirage kuma kan kasa sauka. Ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, masu shiga can cikin huhu, su ne ma'aunin da aka fi amfani da shi. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsu a maikirogiram 5 cikin kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin awon shekara. Wani nazarin Bankin Duniya ya samu 68 a Legas, ya kuma ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta jawo mutuwar mutum 11,200 a birnin a 2018. Tashoshin awo na dindindin kaɗan ne a ƙasar, mafi yawansu a manyan birane.

Hayaƙin da ya fi kusa da huhun mutanen Bauchi da Gombe na murhu ne. Yawancin gidaje da itace ko gawayi ko kara suke girki, a madafi maras taga, uwa na fifita wuta da goyo a bayanta. Tsadar iskar gas da kananzir, wadda ta tsananta bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ta mayar da gidaje da dama ga gawayi. Gwamnatin Bauchi ta sha ayyana haramcin sare itatuwa domin gawayi, Gombe kuma ta fara shirin dashen itatuwa na 3G a 2019. A cikin gari akwai ƙarin hayaƙin janareto da babura da Keke Napep, da ƙona bola, da babbakar fata da tsofaffin tayoyi a wasu mahautai.

An daina sa dalma a fetur a Najeriya a wajajen 2003 zuwa 2004. Alƙawarin da gwamnati ta yi a 2016 na rage farar wuta a man dizal daga kashi 3,000 zuwa 50 cikin miliyan ya ɗauki shekaru kafin a fara aiki da shi.

Siminti, kwal da mai

Kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye ya fara aiki a 1979, kuma tun wajajen 2007 yake haƙar kwal a Maiganga cikin Akko. Mazauna yankin sun yi koke kan ƙura da ruwan sha, kamfanin kuma yana nuna gidaje da rijiyoyin da ya gina musu. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin biyu.