Waiwaye: Yadda Magudanun Ruwan Jidda Suka Daina Bushewa

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a watan Nuwamba, tsohuwar gardama takan dawo majalisun Hausawan Jidda. Wasu su ce kwangilar yashe magudanun ruwa ce ba ta wadatar ba, a ƙara kuɗi da ma'aikata. Wasu su ce a bar zancen yashewa, a gina sababbi manya. A 'yan shekarun nan an samu masu tambayar da ta fi damuna: baƙin ruwan nan da ke kwarara cikin Bahar Maliya bayan ruwan farko, daga ina yake fitowa, kuma yaushe ya fara?

Akasarin masu gardamar daga 2009 suke fara lissafi. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji, alhazai na hanyar Mina, ambaliya ta sauko daga gabas ta afka wa unguwannin Ƙuwaiza da Kilo 14, ta kashe fiye da mutum 120. Allah Ya jiƙansu. A 26 ga Janairu 2011 ta sake dawowa. Daga nan aka gina madatsun ruwa a bakin kwaruruka, aka faɗaɗa hanyoyin ruwa. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka yi ruwan da ya kai milimita 179 cikin sa'o'i shida, ya fi na 2009 nesa ba kusa ba, hanyoyin ƙarƙashin gada suka cika, amma mutum biyu aka rasa. Aikin da aka yi ya ceci rayuka, wannan babu ja.

Sai dai duk wannan tarihin yawan ruwa ne. Tarihin dattinsa ya girme shi da shekaru masu yawa, kuma ba a cika tuna shi ba domin babu ranar da za a nuna a ce ga ta.

Jidda tana kwance ne tsakanin duwatsu daga gabas da teku daga yamma. A 1947 aka rushe ganuwarta, kuma bayan da kuɗin mai suka ƙaru daga 1973 gari ya miƙe kudu da arewa da saurin da bututu ba ya iya bi. Gidaje suka riga hanyoyin ƙazanta isa unguwanni. Kowane bene sai ya haƙa bayararsa, wato ramin da bayan gida da ruwan wanka ke taruwa. A lokaci guda kuma ana tace ruwan teku ana turo shi cikin gari, abin da birnin bai taɓa samu da yawa haka ba. Ruwa yana shigowa ta famfo, mafitarsa kuwa ƙasa. Ga yoyon bayara, ga yoyon bututu, ga ban-ruwan lambuna, alhali ƙasar bakin teku da ma ruwanta a kusa yake. Sannu a hankali ruwan ƙasa ya taso, ya shiga ginshiƙan gidaje, ya riƙa cin kwalta daga ƙasa. Duk wanda ya zauna kudancin gari ya san kududdufin da ke tsaye a lungu wata da watanni ba tare da an yi ko yayyafi ba.

Dole a rage wannan ruwa, kuma hanya mafi kusa ita ce magudanun da aka haƙa don ruwan sama. Nan ne al'amarin ya juya. Manyan magudanun nan, na arewa da na gabas da na kudu, an yi su ne don baƙon ruwa mai zuwa 'yan kwanaki a shekara. Busasshiyar magudana yashi da leda kawai take tarawa, shara ɗaya kafin damina ta ishe ta. Wadda ruwa ke kwance a cikinta kullum wata aba ce dabam. Yashin ya zama laka, ciyawa ta fito ta riƙe shara, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Tun 1994 aka tabbatar da zazzaɓin dengi a Jidda, bai kuma bar mu ba.

Ka tsaya wurin da ma'aikata suka ɗaga murfin ƙarfe a titin da ke da gareji da gidajen abinci. Abin da cebur ke fitowa da shi baƙi ne ƙirin, mai yauƙi, da sheƙin mai a samansa, warinsa kuma ya kori mai shago daga ƙofarsa. Baƙin man inji ne, da kitsen suya, da kumfar wankin mota, da ragowar siminti daga wurin gini. Wannan duk hannunmu ne, mu mazauna gari, kuma gara mu faɗa. Shekara guda yana taruwa, ruwan farko ya tashe shi gaba ɗaya ya kai shi teku, inda murjani yake, inda masunta ke jefa koma, inda yaranmu ke wasa ranar Juma'a. Tafkin Arba'in da ke tsakiyar gari ya daɗe yana nuna abin da ke faruwa idan ruwa mai datti ya shiga wurin da ba ya gudu.

Abin da bayara ta kasa sha kuwa, wayit, wato motar tanki mai launin ruwan ɗorawa, ke zuƙewa. A da ɗaruruwansu ne kullum suke juyewa a gabashin gari, har wurin ya zama tafkin da aka yi wa laƙabi da Miski. Bayan ambaliyar 2009 mutane sun kwana cikin fargabar kada ya ɓalle, a 2010 aka busar da shi. Tafkin ya tafi saboda ido na ganinsa. Ɗan'uwansa da ke ƙarƙashin ƙafafunmu bai samu wannan kulawa daga bakin jama'a ba, ko da yake an shimfiɗa bututun ƙazanta a unguwanni da dama tun daga lokacin.

Da yawa daga cikin iyayenmu da suka san wannan labari da idonsu a Gulail da Karantina da Sabil sun watse zuwa wasu unguwanni tun rusau ɗin da ya fara a ƙarshen 2021. Matasan da ke gardamar yau ambaliya suka tashi suka gani, shi ya sa tambayarsu ba ta wuce ko ruwa ya wuce ko bai wuce ba.

Ni a ganina kwangilar da za ta yi maganin dattin nan ba ta wata biyu kafin damina ba ce. Ta shekara ce cur, domin magudanar ma shekara cur take aiki. Kuma idan da tsawon mitocin da aka yashe kaɗai za a auna ta, ɗan kwangila zai iya cika alƙawarinsa tsaf teku kuma ta ci gaba da shan baƙin mai. Sai an rubuta a ciki inda za a kai lakar da aka kwaso, don wadda aka tara a gefen titi ruwan farko ne zai mayar da ita. Sai an sa raga da matarar mai a bakin mafita, an riƙa ɗibar ruwan ana gwadawa a rani da damina, an kuma bi sawun duk bututun da ke zuba a magudana a watan Yuli, lokacin da sama ba ta zubo ko ɗigo ba.