Waiwaye: Yadda aka koya wa kwamfuta yin lissafi ido a rufe

Attajirai biyu suna so su san wanda ya fi wani dukiya. Babu wanda ya yarda ya faɗi abin da ya mallaka, kuma babu wani na uku da dukansu suka amince su buɗe wa cikinsu. Da wannan tambaya mai kama da kacici-kacici Andrew Yao ya je taron masana kimiyyar kwamfuta a Amurka a 1982, ya kuma nuna cewa tana da amsa: su biyun za su yi ta musayar saƙonnin da lissafi ya kulle, a ƙarshe kowa ya san wanda ya fi, ba tare da ya san ko da nawa aka fi shi ba. Daga nan aka fi ƙirga shekarun fannin da masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, MPC, wato mutane da yawa su haɗu su yi lissafi a kan bayanan da kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa.

Amma akwai waɗanda suka share fage. A 1979 Adi Shamir da George Blakley, kowa shi kaɗai, suka gano yadda za a fasa sirri gida-gida a raba wa mutane, ta yadda sai wani adadi daga cikinsu sun haɗu kafin ya buɗe. Dabarar Shamir ta ɗan makarantar sakandare ce: ɗigo biyu sun isa a ja miƙaƙƙen layi, ɗigo ɗaya kuwa layuka marasa iyaka ne ke ratsa shi, don haka mai ɗigo ɗaya bai san komai ba. A shekarar kuma Shamir da Rivest da Adleman, masu tsarin kulle saƙo na RSA, suka tambayi yadda mutum biyu za su yi karta ta wayar tarho, babu mai raba kati, kuma babu damar maguɗi.

Ga yadda abin yake idan aka matso kusa. Ma'aikata uku suna so su san matsakaicin albashinsu, na farko yana karɓar 40, na biyu 55, na uku 85. Na farko ya fasa nasa kashi uku da ka: 12, da 300, da bashin 272 (wato 272 ƙasa da sifili), waɗanda in an haɗa su 40 ne. Na biyu ya fasa nasa 81, da bashin 46, da 20. Na uku kuma bashin 150, da 33, da 202. Kowa ya riƙe kashi ɗaya, ya miƙa wa sauran biyun ɗaya-ɗaya. Sai kowa ya haɗa abin da ke hannunsa ya faɗa a fili: bashin 57, da 287, da bashin 50. Jimla 180, matsakaici 60. Wanda aka miƙa wa 300 bai ƙaru da komai game da albashin 40 ba. A tsarin gaske ana yin wannan da lissafi mai zagayawa irin na agogo, don kada girman lamba ma ya tona wani abu.

Tarawa ke nan, kuma kusan kyauta take. Ba nan gizo ke saƙar ba. Da an zo ninkawa, ko kwatanta lamba da lamba, dole sai ɓangarorin sun yi ta aika wa juna saƙo, kuma a kan rage tsadar wannan aka ƙarar da shekaru masu yawa.

Tsakanin 1986 da 1988 aka kammala ginin tushe, cikin sauri mai ban mamaki. Yao ya dawo da dabarar hargitsa lissafi: a mayar da aikin jerin ƙananan ƙofofi na "e" da "a'a", ɗaya ya kulle kowace ƙofa da makullai, ɗayan ya bi ta cikinsu bai san me yake buɗewa ba sai ya kai ƙarshe. Wannan ya dogara da wani abu da Michael Rabin ya fara kawowa a 1981 wasu suka gyara, inda mai bayarwa ke da saƙo biyu, mai karɓa ya ɗauki ɗaya kawai, kuma mai bayarwa bai san wanne aka ɗauka ba. A 1987 Goldreich da Micali da Wigderson suka nuna cewa duk lissafin da kwamfuta ke iya yi, ana iya yinsa a haka tsakanin mutane ko nawa ne. A 1988 ƙungiyoyi biyu, Ben-Or da Goldwasser da Wigderson a gefe ɗaya, Chaum da Crépeau da Damgård a ɗaya gefen, suka fitar da iyakar da har yau ake koyarwa. Idan miyagun cikin taron masu leƙe ne kawai amma suna bin ƙa'ida, asiri zai rufu muddin ba su kai rabi ba. Idan kuwa suna ƙarya suna aika lambobin bogi, sai sun gaza kashi ɗaya cikin uku.

Daga nan abin ya kwanta a takarda kusan shekara goma sha biyar. An san yana yiwuwa, amma ƙaramin lissafi kan koma dubban ƙofofi, kowace da nauyinta. Donald Beaver ya rage wahalar ninkawa a 1991 ta hanyar tanadar wasu lambobi uku-uku tun kafin a fara aiki. Sai a 2004 aka ga manhaja mai suna Fairplay, daga masu bincike a Isra'ila, wadda mutum zai rubuta mata lissafi ta aiwatar tsakanin kwamfutoci biyu.

Wanda ya fitar da fannin daga jami'a, abin dariya, manomi ne. A Danmak ana noman wata saiwa mai zaƙi da ake yin sukari da ita, kuma a wancan lokacin kamfani ɗaya ne, Danisco, ke sayenta. Kowane manomi yana da kwangilar adadin da zai kawo. Da Tarayyar Turai ta rage tallafin sukari, sai aka buƙaci kasuwa ta ƙasa baki ɗaya inda manoma za su sayar wa juna kwangilolin. To wa zai riƙe gwanjon? Farashin da manomi ya taya yana nuna ƙarfin aljihunsa, kuma ba ya so Danisco ya sani, don gobe da shi za a zauna ciniki. Danisco shi ma bai yarda ƙungiyar manoma ta riƙe ita kaɗai ba, saboda wasu kwangilolin jingina ne na bashin da yake bi. Sai masu bincike na Jami'ar Aarhus suka shigo a matsayin na uku. Manoma kimanin 1,200 suka aika tayinsu a kulle, a kan matakan farashi 4,000. A Janairun 2008 kwamfutoci uku, ta kamfani da ta ƙungiya da ta masu bincike, suka yi kamar rabin awa suna lissafi, suka fitar da farashin da saye da sayarwa suka daidaita. Kwangilar tan 25,000 ta sauya hannu, babu wanda ya ga tayin wani.

A ganina darasin Danmak ba na saurin kwamfuta ba ne. Fasahar ta samu shiga ne a wurin da kowa ke buƙatar amsa ɗaya, kuma kowa na da dalili mai ƙarfi na ƙin yarda da ɗan'uwansa. Haka aka sake gani a Estoniya wajen 2015, inda doka ta hana haɗa bayanan haraji da na ilimi wuri guda. Da wani tsarin MPC mai suna Sharemind aka bi ta bayanan haraji kimanin miliyan 10 don a ga ko yin aiki lokacin karatu ne ke hana ɗalibai kammalawa a kan kari, ba a kuma sami alaƙar da ake zato ba. A Boston kamfanoni fiye da 100 sun haɗa bayanan albashinsu don auna giɓin maza da mata, kuma rahoton 2017 ya nuna mace na samun santi 76 a duk dalar da namiji ya samu. Babu kamfanin da zai miƙa irin wannan littafin ga gwamnatin birni a buɗe.

Ana yawan rikita fannin da binciken Craig Gentry na 2009, wanda ya nuna yadda kwamfuta ɗaya za ta yi lissafi a kan bayanan da ke kulle. 'Yan'uwa ne, har wani tsarin MPC na 2012 mai suna SPDZ ya ari wani abu daga can, amma ba abu ɗaya ba ne. A yau dabarun sun shiga aljihun mutane ba su sani ba: a 2019 Google ya fitar da hanyar duba ko kalmar sirrinka na cikin waɗanda aka sace ba tare da ya ga kalmar ba, kuma kamfanonin ajiyar kuɗin kirifto suna fasa makullin sa hannu tsakanin na'urori don kada ya taɓa zama cikakke a wuri guda.

Masu talla kan ce wannan fasaha ta kawar da buƙatar amana. Rarraba ta dai aka yi. Da biyu cikin kwamfutoci ukun Danmak sun haɗa baki, da tayin kowane manomi ya fito fili. Sannan ita kanta amsar tana magana. A koma ga ma'aikatan nan uku: in na farko da na biyu suka keɓe, suka cire 40 da 55 daga 180, ga 85 ɗin na uku a tafin hannunsu, kuma babu ƙa'idar da suka karya. Shi ya sa wasu sababbin tsare-tsare ke zuba 'yar ƙura da gangan a cikin sakamakon kafin su bayyana shi, bisa hanyar da Cynthia Dwork da abokan aikinta suka tsara a 2006, sai jimlar ta fito 178 ko 183 maimakon 180 cif.