Tsoffin Gidajen Rhode Island: Wa Ya Gina Su, Da Wane Kuɗi?

Ina ne Rhode Island, kuma me ya sa ake maganarta in an zo batun gidajen tarihi?

Ita ce jiha mafi ƙanƙanta a Amurka, a gaɓar tekun Atilantika ta arewa maso gabas. Faɗin ƙasarta, in an cire ruwa, bai kai murabba'in kilomita 2,700 ba, wato Jihar Kano ta ninka ta fiye da sau bakwai. Mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya. Amma a wannan ɗan tsukin akwai wurare sama da 40 da gwamnatin tarayya ta ba matsayin wurin tarihi na ƙasa, kuma kaso mafi tsoka yana garuruwa biyu: Providence, babban birnin jihar, da Newport, tashar jiragen ruwa da ke kan tsibiri.

Me wannan matsayi yake nufi?

Matakai biyu ne. Akwai babbar rajistar wuraren tarihi da dokar 1966 ta kafa, mai ɗauke da wurare fiye da 90,000. Gidan da ke da muhimmanci ga gari ɗaya ma yana iya shiga cikinta. Sama da ita akwai matsayin da aka fara bayarwa a 1960, wanda sai wurin da ya shafi tarihin ƙasar baki ɗaya, kuma wajen 2,600 ne kawai suka samu. Ma'aikatan hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi ne ke bincike, Sakataren Harkokin Cikin Gida ya sa hannu, sannan a ba mai wurin allon tagulla ya kafa a bango.

Ba gidaje kaɗai ba ne. A jerin Rhode Island akwai ɗakin karatu na Redwood da aka kafa a 1747, da cocin Baptist ta Providence da aka gina a 1775, da rufaffiyar kasuwar Arcade ta 1828, da filin da aka fara gasar tanis ta ƙasa a 1881. Har da lilon dawakin katako na yara guda biyu.

To, in gida ya samu allon, shi ke nan ba mai taɓa shi?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Gidan yana nan hannun mai shi. Dokar tarayya ba ta hana shi sauya fasalinsa ko ma rushe shi ba, matuƙar da kuɗinsa zai yi. Abin da ta tanada shi ne, in aikin gwamnatin tarayya, kamar hanya ko gada, zai shafi wurin, dole a tsaya a duba a rage ɓarna. Akwai kuma rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya gyara tsohon ginin da ke kawo kuɗin shiga. Takunkumi na gaske yana hannun hukumomin gari, waɗanda a unguwannin tarihi sai da izininsu za ka canja ko da taga.

Manyan gidajen Newport da ake yawan nunawa a hotuna, na su wane ne?

Na attajiran New York da Filadelfiya ne na ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba gidajen zama ba ne. Makonni shida zuwa takwas na lokacin zafi suke yi a ciki, a yi ta liyafa da gasar nuna arziki, sannan a rufe sai baɗi.

Mafi girma shi ne The Breakers na Cornelius Vanderbilt na Biyu, jikan mai jiragen ƙasa. Gobara ta cinye gidan katakon da ke wurin a 1892, shi ya sa ya ce a yi masa sabo da dutse da bulo da ƙarfe, aka kuma kai tukunyar ɗumama gidan can nesa a ƙarƙashin ƙasa. An kammala a 1895, ɗakuna 70. Shekara ɗaya bayan nan shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya rasu a 1899. Ka ga ke nan bai more shi ba.

Ƙanensa William ya riga shi da Marble House, wanda aka gama a 1892 a kan kuɗin da aka ce ya kai dala miliyan 11, miliyan 7 daga ciki na dutsen marmara kaɗai. Kyauta ce ga matarsa Alva. Bayan shekara uku auren ya mutu, gidan ya zama nata, daga baya kuma ta mayar da harabarsa wurin taron neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Sai The Elms na Edward Berwind, attajirin kwal, na 1901, wanda aka haƙa wa rami daga titi ana shigo da kwal ta ƙarƙashin ƙasa don kada baƙi su ga ƙura. Wuraren kwanan barori ma an ɓoye su a saman gini, bayan doguwar katanga. A ganina wannan ɓangaren ya fi falon zinariya koya wa mai ziyara wani abu.

Gidajen da suka girmi waɗannan fa, na zamanin mulkin Ingila?

Nan ne labarin ya taɓo Afirka ta Yamma kai tsaye. Rhode Island ba ta da ƙasar noma mai yawa, saboda haka teku ta fuskanta. 'Yan kasuwarta kan sayo ragowar ruwan rake daga tsibiran Karibiyan, su dafa barasa da shi, su loda wa jirage zuwa gaɓar ƙasar Gana ta yau, musamman Anomabo da Cape Coast. A can a musanya barasar da mutane, a kai su gonakin rake a sayar, a sake sayo ruwan rake. Masana tarihi sun ƙirga tafiye-tafiye sama da 900 daga wannan 'yar jiha tsakanin 1709 da 1807, da suka kwashi 'yan Afirka fiye da 100,000. Babu wani yanki na Arewacin Amurka da ya tura jirage irin haka.

Gidan John Brown da ke Providence, wanda aka gama a 1788, shaida ne. Shi da 'yan'uwansa uku sun tura jirgi mai suna Sally a 1764. An loda mutum 196, aƙalla 109 suka mutu, wasu da cuta, wasu da yunwa, wasu a boren da suka yi a teku. Sauran 'yan'uwan suka janye daga wannan sana'a. John bai janye ba, har ya zama mutum na farko da aka gurfanar ƙarƙashin dokar tarayya ta 1794 da ta hana Amurkawa shirya jiragen cinikin bayi zuwa ƙasashen waje. An ƙwace masa jirgi, amma bai hana shi shiga majalisar tarayya ba. Jami'ar Brown sunan ɗan ɗan'uwansa ta ci a 1804, kuma ita da kanta ta fitar da rahoto a 2006 da ya tabbatar cewa akwai bayi cikin waɗanda suka yi aikin tsohon gininta na 1770.

A Newport kuwa akwai sashen maƙabartar gari da aka binne 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, da duwatsun kaburbura na ƙarni na 18. Wasu na ɗauke da sunaye irin su Cuffe da Quash, waɗanda asalinsu sunayen ranar haihuwa ne na mutanen Akan na ƙasar Gana.

Duk dukiyar jihar daga nan ta fito?

Ba duka ba, amma zaren yana da wuyar tsinkewa. Ɗauki masana'antar Slater da ke Pawtucket, ta 1793, inda aka fara kaɗin auduga da ƙarfin ruwan kogi cikin nasara a Amurka. Wanda ya zuba jarin shi ne Moses Brown, ƙanen John, mutumin da ya 'yanta bayinsa a 1773 ya kuma kafa ƙungiyar yaƙi da bauta da ta sa aka kai wansa kotu. Amma audugar da masana'antun yankin suka riƙa kaɗawa bayi ne suka noma ta a jihohin kudu, kuma ma'aikatan farko na wannan masana'anta yara ne 'yan shekara 7 zuwa 12.

Akwai abin yabo na gaske kuma. Roger Williams, wanda aka kora daga Massachusetts saboda ra'ayinsa na addini, ya kafa Providence a 1636 a kan cewa hukuma ba ta da hurumi a imanin mutum. Shi ya sa Yahudawa suka samu wurin zama a Newport, suka gina wurin ibadarsu na Touro a 1763, mafi tsufa da ke tsaye a Amurka. Su ne George Washington ya rubuta wa wasiƙa a 1790 yana ba su tabbacin cewa gwamnati ba za ta goyi bayan tsangwamar addini ba.

Yaya aka yi gidajen suka kai yau?

Gidajen zamanin mulkin Ingila, talauci ne ya cece su. Sojojin Ingila sun mamaye Newport daga 1776 zuwa 1779, kasuwanci ya koma Providence, garin ya kwanta. Ba mai kuɗin rushe tsohon gida ya gina sabo, sai aka ci gaba da zama a ciki haka nan. Ɗaruruwan gine-gine na kafin 1800 suka tsira.

Manyan gidajen kuwa sai da suka ga ta kansu. Harajin kuɗin shiga ya zo a 1913, tattalin arziki ya karye a 1929, barori suka yi tsada, magada suka rasa yadda za su yi. An rushe da dama. A 1945 wasu mazauna garin suka kafa ƙungiya don ceto Hunter House, gidan ɗan kasuwa na 1748. A 1948 'yar Vanderbilt, Gladys, ta ba su hayar The Breakers a kan dala ɗaya a shekara don su riƙa karɓar kuɗi daga masu ziyara, suka saye shi gaba ɗaya a 1972. The Elms makonni kaɗan ya rage a rushe shi a 1962 suka karɓe shi, bayan an riga an yi gwanjon kayan ciki. Allon tagulla na gwamnati sai a 1994 ya zo The Breakers, The Elms kuma a 1996. Doris Duke, magajiyar dukiyar taba, ta kafa gidauniya a 1968 ta gyara ƙananan gidaje sama da 80, yawancinsu kuma ana ba mutane haya.

Me ke barazana gare su yanzu?

Ruwa. Unguwar Point, inda Hunter House yake da gidajen katako na ƙarni na 18, tana dab da bakin teku, kuma ambaliya na shiga ɗakunan ƙasa in igiya ta yi ƙarfi. Masu gidaje sun fara ɗaga su a kan dogon tushe, abin da ke tsare katakon amma ya sauya kamannin titi, kuma ana ta muhawara a kai a gaban hukumar gari. A watan Maris na 2022 wani yanki na hanyar ƙafa mai tsawon kilomita biyar da rabi da ke bi ta bayan manyan gidajen ya zaftare cikin teku.