Ku daina cewa ruwa zai tafi da shi

Makon jiya na sake tarar da abin da na gaji da gani. Wani dattijo ne tsugune a bakin rafi, yana tuttular da wani tsohon gwangwani da tsatsa ta cinye, takardar jikinsa ta goge tas. Ruwan da ke gabansa ya yi fari fat, ga wari mai hawa kai. Na ce, "Baba, me kake zubarwa haka?" Ya ce, "Ragowar maganin feshi ne, ɗana, ya daɗe a ɗaki. Ai ruwa zai tafi da shi."

Wallahi babu maganar da ke ƙona mini rai a wannan aiki kamarta. Ruwa zai tafi da shi, to ya kai shi ina? Wa ke zaune a gangaren rafin? Dabbar wa za ta sha da yamma?

'Yan uwana manoma, akwai wani dangin maganin ƙwari da ba ya mutuwa da wuri: DDT, lindan, diyaldirin, aldirin, endosulfan da ire-irensu. Su ne masu sinadarin kulorin a jikinsu. Rana ba ta kashe su da sauri, ruwa ba ya narkar da su, kitse suke so. DDT kan shafe shekaru a cikin ƙasa kafin ko rabinsa ya lalace. Ƙaramin kifi ya sha, babban kifi ya haɗiye ƙaramin, mutum ya ci babban, gubar ta samu wurin zama a kitsen jikinsa. Idan mace ce mai goyo, tana bin nono ta shiga jinjiri. Shi ke nan bayanin, ba sai na ja ba.

Wani zai ce ɗan gwangwani ɗaya ne kawai. Haka kowa yake faɗa, kuma haka duniya ta cika da shi. Idan zafi ya bugi ƙasar da aka yi wa feshi, maganin yakan tashi ya bi iska, ya sauka inda ya fi sanyi, ya sake tashi, ya sake sauka, har ya dangana da yankin ƙanƙara na can arewacin duniya. An samu waɗannan gubobi a nonon matan ƙabilar Inuwit na arewacin Kanada, mutanen da ba su da gonar da za su yi wa feshi. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Uwa tana shayar da ɗanta abin da wani ya zubar a wata nahiya.

Ku dubi tsibiran Gwadalub da Martinik na Faransa. An yi amfani da wani ɗan wannan dangi mai suna kulodikon a gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993. An daina fiye da shekara 30, amma bincike ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen wurin suna ɗauke da shi a jini, kuma an hana kamun kifi a wasu sassan gaɓar tekunsu. Ruwan ne ya tafi da shi, kamar yadda Baba ya ce, ya kai shi cikin kifi. A Kasaragod ta jihar Kerala a Indiya, an shafe sama da shekara 20 ana feshin endosulfan daga sama a gonakin kashu, har koken iyalan da 'ya'yansu suka nakasa ya kai Kotun Ƙolin ƙasar, ta hana shi a 2011.

Duniya ta riga ta yanke hukunci. Yarjejeniyar Stockholm da aka amince da ita a 2001, ta fara aiki a 2004, ta ɗaure sinadarai 12, tara daga ciki magungunan ƙwari ne. An ƙara lindan a 2009, endosulfan a 2011. DDT an bar masa ƙofa ɗaya tak, feshin cikin ɗaki don yaƙi da sauro a hannun ma'aikatan lafiya, ban da gona. A 2015 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lindan cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Amma doka ba ta shiga ɗakin ajiyar kowa ta kwashe tsofaffin gwangwanaye. Suna nan a lungu, suna yoyo, sai ranar da mai ɗaki ya gaji da su ya nufi rafi.

Na san ba mugunta ba ce. Na san kuna so ne ku raba shi da yara, kuma wannan tunani ne mai kyau. Hanyar ce ba daidai ba. Haba, sau nawa za mu faɗa? Kada ku zuba a rafi, ko kududdufi, ko kwata, ko kusa da rijiya. Kada ku wanke injin feshi inda ake ɗiban ruwa.

Ga abin yi a gurguje. Tsohon magani ko wanda ba shi da takarda, kada a fesa, kada a binne, kada a ƙona, hayaƙinsa wata gubar ce. A toshe bakinsa, idan yana yoyo a sa shi cikin wani mazubi mai murfi, a kulle nesa da abinci da yara, a sanar da malamin gona ko ofishin kula da muhalli. Jarkar da ta taɓa ɗaukar magani ba ta komawa ta ruwan sha, ko an wanke ta sau ɗari. Wanda ya sha ko ya fara jijjiga, kada a ba shi madara ko mai, kada a sa shi amai. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti tare da gwangwanin.

Shi kuwa Baba, na karɓi gwangwanin da ɗan abin da ya rage a ciki, na ɗaure shi a leda biyu. Ya ce akwai wasu guda uku a gida. Gobe da safe zan je in gan su.